Ɗaukaka Ƙara Kan Shari'ar Ƙwaya A Gana: Tun Daga Caji Ofis Ake Cin Ta Ko A Faɗi

Duk wanda ya daɗe a Nima ko Maamobi zai tuna shari'ar Kwabena Amaning, wanda aka fi sani da Tagor, da Alhaji Issah Abass. A shekarar 2006 ne ƙunshi 76 daga cikin 77 na hodar Iblis suka yi ɓatan dabo daga jirgin ruwan MV Benjamin. Sai ga wani kaset da aka naɗa a asirce na wata ganawa a gidan babban jami'in 'yan sanda, Kofi Boakye. Da wannan kaset babbar kotu a Accra ta ɗaure mutanen biyu shekara 15 kowannensu a 2007. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su ta sallame su, bisa cewa masu gabatar da ƙara ba su tabbatar da laifin ba.

Wannan ya sa jama'a da dama ke zaton da zarar an nuna alƙali ya karɓi shaidar da ba ta dace ba, shi ke nan an fita. Mu dai muna ganin wannan zato na da haɗari, musamman ga 'yan kasuwarmu masu bi ta Aflao da Paga, waɗanda kullum ake ba su saƙon da ba su kwance ba.

Dokar Shaida ta 1975 ta ce ana ƙin amincewa da shaida ne a daidai lokacin da aka gabatar da ita. Alƙalan sama galibi ba sa kiran shaidu, abin da aka rubuta a kotun ƙasa suke karantawa. Kuma ko sun yarda an yi kuskure, ba za su soke hukunci ba sai kuskuren ya jawo babban rashin adalci. Hatta naɗar murya a ɓoye, Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Cubagee ta 2018 keta sirrin mutum ne, amma ta bar wa alƙali ya auna ko zai karɓa.

Inda talaka ke da madafa shi ne sashe na 120. Amsa laifin da mutum ya yi a hannun jami'an tsaro ba ta karɓuwa sai da son ransa ya yi ta, kuma a gaban shaida mai zaman kansa wanda ke jin harshen da ya yi magana da shi. In an rubuta, sai shaidan ya tabbatar a rubuce cewa wanda ake tuhuma ya fahimci abin da ke ciki. To mai sayar da albasa da ya yi shekaru a Agbogbloshie kafin a tashe su zuwa Adjen Kotoku a 2021, Hausa yake ji ko Zabarmanci, sai ɗan Twi na ciniki. Ana miƙo masa takardar Turanci sai ya dangwala yatsa don ya samu ya tafi gida. Idan lauyansa bai tayar da maganar ranar da aka miƙa takardar ga kotu ba, ya sa wa kansa wahala a sama.

Kundin tsarin mulki na 1992 ya ba wanda aka kama damar a gaya masa dalili cikin harshen da yake ji, ya nemi lauya, a kai shi kotu cikin awa 48, a kuma ba shi tafinta kyauta a lokacin shari'a. Su Tagor suna da manyan lauyoyi, duk da haka sai da suka shafe kusan shekara uku a tsare kafin a sake su.