Gayyar da Ba a Ramawa

Ana ta yayata cewa wasannin kwamfuta sun buɗe wa talaka ƙofar kimiyya, wai yanzu duk mai waya a hannu abokin aikin farfesa ne. Ban yarda ba. Ƙofar leburanci aka buɗe, ta shawara kuwa tana nan a garƙame.

Babbar hujjar masu wannan magana ita ce Foldit, wasan da Jami'ar Washington ta fitar a 2008, inda ɗan wasa ke lanƙwasa siffar furotin a allo yana tara maki. A 2011 'yan wasan suka warware tsarin wani furotin na ƙwayar cutar birai mai dangantaka da ƙanjamau cikin makonni 3, bayan ya gagari masana fiye da shekara 10. Aiki ne na a yaba, kuma an sa sunayen ƙungiyoyinsu a takardar binciken. To amma wa ya zaɓi furotin ɗin? Wa ke riƙe da kuɗin binciken? Wa aka ƙara wa girma a wurin aiki? Ɗan wasa dai ya tashi da maki.

A gayyar noma, mai gona yakan ciyar da waɗanda suka zo, gobe kuma ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gonar wani. A nan gona ɗaya ake nomewa kullum. Mutum sama da miliyan 4 suka buga Sea Hero Quest, wanda kamfanin sadarwa na Jamus, Deutsche Telekom, ya ɗauki nauyinsa a 2016 don binciken cutar mantuwa. A wasan EyeWire kuwa, masu bin sawun jijiyoyin idon ɓera suna gyara kurakuran na'ura ne, ita kuma tana koyo daga gare su har ta rage bukatarsu. Hatta yawan da ake taƙama da shi yana da lauje cikin naɗi: wani bincike na 2015 kan ayyukan sa-kai na dandalin binciken kimiyya na Zooniverse ya nuna akasarin mutane sau ɗaya suke leƙowa, 'yan tsiraru ke ɗauke da nauyin.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne MalariaSpot, da aka ƙirƙira a Madrid a 2012, inda ake ƙirga ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro a hotunan jini. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan ciwo a duniya. Da uwar da ke jinyar ɗanta a asibitin ƙauye aka zaunar tun farko, da ta ce a fara da dalilin yankewar magani da damina, lokacin da yara suka fi kwanciya.

Duk jami'ar da ke son aikin jama'a kyauta, ta ba su kujera a inda ake zaɓen abin da za a bincika, ta dawo musu da sakamakon a harshen da suke ji, ta kuma gaya musu hannun wa bayanansu suka shiga.