Kamarar Roba Ta Fi Bindigar Roba, Amma a Duba Kafin a Saro

A sallar da ta wuce na tsaya ina kallon wasu yara huɗu a ƙofar gidanmu. Ɗaya ya saɓa kamarar roba a kafaɗa, ya rufe ido ɗaya yana ba sauran umurni: kai ne Ibro, kai kuma ɗan sanda. Kamarar ba ta ɗaukar komai, jan haske kawai take yi da ɗan ƙara in an danna. Amma har aka kira magariba ba wanda ya yi kuka. A lungu na gaba kuwa, masu bindigar roba sun kusa tsone wa wata yarinya ido da ɗan harsashinta.

Shi ya sa nake kira ga ƴan'uwana ƴan kasuwa na Ɗan Isa, Jibiya, Ƙonni da Illela: in za ku saro kayan wasa, ku fifita kamara a kan bindiga. Yaro abin da ya gani shi yake kwaikwayo. Mu a zamaninmu motar kara muke ƙerawa don direbobi muke gani. Tun da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, ƴaƴanmu masu ɗaukar hoto suke gani. Gara yaro ya tashi yana shirya labari da ya tashi yana koyon auna mutum, balle a wannan lokaci da ƴan bindiga suka hana ƙauyukan iyakarmu barci.

Sai dai akwai gyara. Wasu kamarorin suna aiki da ɗan ƙaramin batir irin na agogo. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2. Duk wadda murfin batirinta ba a ɗaure shi da noti ba, ku bar wa dila kayansa.

Na biyu shi ne fenti. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye kayan wasa masu ɗimbin yawa da aka ƙera a Sin saboda dalma a fentinsu. Mun san aikin dalma: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, ta hanyar haƙar zinariya. Ba a gane ta da ido, amma kayan da fentinsu ke ɓarewa da an karce da farce, kada su hau tebur. Yaro ƙarami komai baki yake kaiwa.

Wani zai ce mai saye araha yake nema, kuma bindiga ta fi tafiya. Gaskiya ne. Amma araha ba ta ado, kuma ribar dala biyar ba za ta biya kuɗin likita ba. Yaron da zai riƙe kayan nan wataƙila ɗan maƙwabcinka ne, wataƙila naka ne.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raya mana zuri'a.