Hutun Sallah da Ƙofar Asibitin da ke Rufewa Kafin Azahar

Idan Babbar Sallah ta zo, gwamnatin tarayya kan bayar da hutun kwana biyu, amma a ƙananan asibitocinmu hutun kan miƙe har ya doshi mako. Wani ƙaramin asibiti a nan Illela ya riga ya liƙa takarda a ƙofarsa cewa a kwanakin Sallah za a tashi aiki kafin azahar, ɗakin bayar da magani kuwa sai bayan hutu.

Ba na ganin laifin ma'aikacin da ya so yin Sallah cikin iyalinsa, domin da yawansu gidajensu suna Sakkwato ko Gwadabawa. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne takardar: an rubuta ta da Turanci, an kuma ajiye ta inda ba mai ganin ta sai wanda ya riga ya iso da ciwonsa. Alhali kuwa a makonnin cinikin ragunan layya ne kasuwar Lahadi ta fi cika, jama'a na kwararowa daga Ƙonni da ƙauyukan bakin iyaka. Wanda ya tarar da ƙofa a rufe ba zai kama hanyar Sakkwato ba, tafiyar sama da kilomita 80. Kemis zai nufa, ko wajen mai tallar magani a faranti.

A nan ne aka fi samun ɓarna. Illela gari ne da magungunan ƙasashe biyu ke haɗuwa a aljihu ɗaya. Mutum ya sayi Efferalgan a Ƙonni, ya ƙara da Panadol a wannan gefen, yana zaton magani biyu ya sha, alhali duka farasitamol ne. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, kuma abin da ya haura haka hanta yake ci, shiru, ba tare da alama ba a ranar farko. A riƙa duba ƙaramin sunan da ke ƙasan babban suna a jikin kwali, ko a nuna wa wanda ya iya karatu.

Akwai kuma magungunan da ba su san hutu ba. Mai farfaɗiya da ya yanke maganinsa farat ɗaya yana iya faɗuwa fiye da yadda ya saba. Mai hawan jini da ƙwayarsa ta ƙare ranar jajibiri zai shiga kwanakin soyayyen nama da yaji mai gishiri ba tare da kariya ba, kuma shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. Mai tarin fuka, wanda ke kan maganin wata 6, tsallake kwanaki na ba ƙwayar cutar damar bijire wa magani. Don haka ku ƙirga ƙwayoyinku tun yau. Idan ba za su kai mako guda bayan Sallah ba, ku je karɓa yanzu.

Masu allurar insulin, wadda aka buɗe takan yi kusan kwana 28 matuƙar zafi bai haura digiri 30 ba, abin da ɗakunanmu ke wucewa a bazara. Inda babu firji, a sa kwalbar cikin leda a ɗaure, a ajiye a jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Kada a ɗora ta kan ƙanƙara, domin idan ta daskare ta lalace.

Yaro mai zazzaɓi da ya fara jijjiga ko ya kasa sha, mai ciki da ke zubar jini ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, wanda wuƙar fiɗa ta yi wa yanka mai zurfi: waɗannan ba a jiran gobe da su. A wuce babban asibiti kai tsaye, sashen gaggawa a ƙa'ida ba ya hutu.

Ga shugabannin ƙananan asibitoci kuwa, roƙona bai fi ƙarfinku ba. A tsara karɓa-karɓa yadda ɗakin magani zai buɗe ko da na awa biyu ne kullum, a ba masu cutukan da ake daɗewa ana jinya ƙarin ƙwayoyin da za su tsallakar da su hutun. Sanarwar kuma a miƙa ta ga limamai su karanta da Hausa a Juma'ar da ke gaban Sallah, mai shela ya zagaya da ita kasuwa ranar Lahadi.