Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

A wannan mako zan ɗan jingine maganar siyasa, in ba ku labarin wata wauta da na tafka da hannuna a garinmu Arikya, cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa. Na daɗe ina jin kunyar faɗinta, amma da yake duk sa'ad da manoma suka sayar da doya da riɗi abin da ke biyo baya shi ne lissafin gyaran gida, sai na ga gara in tona asirin kaina, ko wani ya tsira da kuɗinsa, watakila ma har da ransa.

Gidan da nake magana a kansa mahaifinmu ne ya gina shi, Allah ya jiƙansa. Malamin firamare ne, kuma da jinka ya fara rufe ɗakunan kamar kowa. A shekarar 1975, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure, shi kuwa sai ya tafi Lafiya ya sayo kwano. A sa'an nan Lafiya tana cikin Jihar Binuwai-Filato. A 1976 ta koma ƙarƙashin Jihar Filato, a 1996 kuma aka ƙirƙiro Nasarawa. Watau dai kwanon nan ya ga jihohi uku yana zaune wuri guda, ba iskar da ta taɓa ɗaga shi.

To, amma kome ya yi farko yana da ƙarshe. Kafin damunar 2023 ta fita tsatsa ta gama cin kwanon, har ya zamana in hadari ya taso sai Inna ta jera kwanoni a tsakar ɗaki, ga kwano a sama, ga kwano a ƙasa. Ni da ƙanena muka tara abin da ya sawwaƙa. A shekarar nan kuwa, tun daga ran 29 ga Mayu da aka janye tallafin man fetur, kuɗin kome ya hau, kayan gini da kuɗin mota duka. Saboda haka da sisi da kwabo muka yi lissafi.

Da sanyin hunturu ya shigo muka kira wani dattijon kafinta da ya san mahaifinmu. Ya sa tsani ya hau, ya ɗauki ƙusa ya riƙa sokawa a jikin katakon, sai gari ke zubowa kamar ana tankaɗe. Da ya sauko ya ce mini, "Ɗana, kwano riga ce, katako shi ne ƙashi. Gara ta cinye cikinsa, fatar kawai ta rage. In ba ka da kuɗin duka biyu, rufe ɗakin mahaifiyarka bana yadda ya kamata, sauran su jira baɗi."

Na ce, "To, Baba, mun gode, za mu yi shawara." A raina kuwa cewa na yi so yake ya faɗaɗa aiki don ladansa ya ƙaru. Ga ni ɗan jarida, na zauna birni, na kalli yadda ake rufi a wayar hannu. Sai muka sayo bandir-bandir na kwano mafi araha, ni da ƙanena da wani yaro da ya taɓa zama shagon kafinta muka hau muka buga shi a bisa tsohon katako. Kwana uku muka gama gida duka. Rufi ya yi ta walƙiya cikin rana, masu wucewa suna yi mana barka.

Cikin watan Afrilun 2024, da hadarin farko ya taso daga gabas, aka buga mini waya da dare. Iska ta yaye rufin ɗakin Inna gaba ɗaya, kwano da katako, ta jefar bayan gida. Allah ya taimaka tana ɗakin jikokinta a lokacin. Buhunan hatsi suka jiƙe sharkaf. Falle ɗaya kuma ya tashi ya faɗa gidan maƙwabcinmu ya yanke akuyarsa, daidai wurin da 'ya'yansa kan yi wasa da maraice. Akuya na biya. Da yaro ne, da me zan biya? Kowa ya ƙi ji, ai ba ya ƙi gani ba.

Na koma wurin Baba kafinta kaina a sunkuye. Bai yi mini gori ba, sai dai ya sa ni na tsaya a kan aikin tun daga farko har ƙarshe, kuma abin da na koya shi ne nake so in bar wa masu karatu.

Da farko, yawancinmu muna zaton iska danne rufi take yi. Alhali kuwa tsotsarsa take yi zuwa sama sa'ad da take wucewa ta bisansa da gudu, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe, ko ta shiga ta ƙarƙashin bakin kwano, sai ta tura shi daga ciki. Don haka rufin da aka ɗora bisa bango kawai, ba a ɗaure shi ba, hula ce a kan mai gudu. Lalle ne katakon da ke kwance a kan bango a ɗaure shi da langalanga ko siririn rodi wanda aka binne a cikin ginin, sa'an nan kowane katako da ya hau kansa shi ma a ɗaure, kada a dogara da ƙusa kaɗai. A gidanmu gara da tsatsa sun riga sun cinye tsohon ɗaurin da mahaifinmu ya yi, mu kuwa ko dubawa ba mu yi ba.

Na biyu, katako. Kakanninmu da suka zaɓi azarar giginya da kirya sun san abin da suke yi, domin gara ba ta cin su da sauƙi. Yau yawancin abin da ke kasuwa katako ne mai laushi, wani ma ɗanye. Ɗanyen katako in ya bushe a bisa ɗaki sai ya karkace, ƙusa ta saki. A nemi busasshe, a jiƙa shi da maganin gara kowane gefe tun yana ƙasa, har da bakin da aka yanka da zarto, kada a bari sai an ɗora a shafa masa da buroshi sama-sama. Kuma kada a yarda a ware tsakanin 'yan katakon da ake buga kwano a kansu don a rage kuɗi.

Na uku, kwanon kansa. Bandir ɗaya falle 20 ne, amma ba duk bandir ne ɗaya ba. Akwai wanda in ka ɗaga falle sai ya lanƙwashe kamar takarda, irinsa kuwa kan ƙusa ke yaga shi ya fita. Araha ba ta ado. A buga ƙusa mai hula a kan tudun kwano, kada a buga a kwarin da ruwa ke bi. A haɗa falle da falle su hau juna sosai, a ƙara yawan ƙusa a gefuna da kusurwoyi, domin nan iska ke fara kamawa. Bugu da ƙari, rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure wa iska. Wanda kuma tsohon rufinsa ko silinsa na asbesto ne, kada ya farfasa shi, gama ƙurarsa tana jawo mugun ciwon huhu. A jiƙa shi da ruwa, a sauke shi falle-falle.

Na huɗu, lokaci. A ƙasarmu ruwa kan sauka wajen Afrilu ya ɗauke wajen Oktoba, kuma hadarin farkon damuna ya fi kowane zuwa da iska. Mai niyyar rufi ya gama tun rani. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damuna a farkon kowace shekara, ya kamata a riƙa sauraro.

Ban ce mutum kada ya taɓa aikin gidansa ba. Sauke tsohon kwano, shafa maganin gara, miƙa kaya, tsayawa a ga an buga kowace ƙusa, duk waɗannan mai gida da 'yan gayya suna iyawa, kuma suna rage kuɗi. Amma haɗa katako da ɗaure shi sana'a ce, a bar wa masu ita.

Ina kuma kira ga hukumomi. Duk shekara in iska ta yi ɓarna sai mu 'yan jarida mu ɗauki hoton manya suna raba kwano da ƙusa, mutane su koma su buga a kan ruɓaɓɓen katako, baɗi a sake. Da ma a haɗa da langalanga da maganin gara, a kuma tara kafintocin ƙauye a ƙara musu sani. Ita ma hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta riƙa leƙa kasuwannin kwano.

Mu dai ɗakin Inna kaɗai muka iya rufewa a karo na biyu, kamar yadda Baba ya faɗa tun farko, sai dai mun biya sau biyu. Sauran ɗakunan muka ɗaure su, muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka tafi sayen kwano, ɗan'uwa, ɗauki ƙusa ka hau ka soki katakonka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.