Fassarar Zanen Karkara: A San Ƙasa Kafin A Yanke Hukunci

Sau da yawa malami kan ɗaga zanen gona a gaban aji, ɗalibai su lissafa bishiya da rumbu da gajimare, shi ke nan darasi ya ƙare. A ra'ayina wannan bai wadatar ba. Zane yana ɗauke da yanayi da alamomi kamar yadda waƙa take ɗauke da jigo da salo, kuma ba a fassara su daidai sai an san ƙasar da aka zana.

Mu ɗauki zanen wata gona a yankin Funtuwa ko Malumfashi, inda ake noman dawa da masara da auduga. Idan mai zane ya nuna baƙin hadari ya haɗo daga gabas, baƙo zai ce alamar tashin hankali ce. Manomi kuwa ƙasa zai fara dubawa. In an yi sharar gona ana jiran shuka, hadarin bushara ne. In kuwa auduga ta riga ta fashe ta yi fari fat, fargaba ce, domin ruwa a wannan lokaci ɓata ta yake yi.

Haka ma gawo. Wanda ya gan shi tsaye ba ganye a tsakiyar koriyar gona zai ɗauka mutuwa ake nufi. Alhali ɗabi'ar gawo ce ya kaɗe ganye da damina, ya yi tofo da rani. Ganyen da ya zuba taki ne, kuma inuwarsa ba ta danne shuka. Ashe albarka yake nunawa.

Tarihi ma yana da nasa rabo. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kuma ya yi jigilar auduga da gyaɗa. Idan aka zana shi ciyawa ta rufe shi, dattijo zai ji begen zamanin da ya shuɗe.

Saboda haka, ya kamata malami ya bi da ɗalibansa mataki uku: su faɗi abin da suka gani, su gano lokacin shekara, sannan su kawo ma'ana tare da hujja daga cikin zanen. Ɗan manomi ya zo aji da wannan ilimi tun daga gida. Malamin da ya yi watsi da shi ya koya wa yaro raina abin da ya gada.