Kankare Zai Warke, Lebura Fa?

Ranar da malaminmu ya yi mana bayanin kankare mai warkar da kansa, aji ya ɗauki tafi. Ni kuwa hannuna ya ƙi ɗaguwa, ko da yake ban raina binciken ba. Henk Jonkers na Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holand ya cuɗa wasu ƙwayoyin bakteriya da abincinsu cikin kwaɓin siminti. Suna nan kwance shekara da shekaru har ranar da kankaren ya tsage ruwa ya shiga, sai su farka su ci abincin, su fitar da sinadarin farar ƙasa ya toshe tsagar kafin tsatsa ta kai ga rodi. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga shi an sami bangon da ke rufe ƙofa da kansa. Abin a jinjina ne.

Abin da ya hana ni tafi wani saurayi ne da muka yi leburanci tare a hutun makaranta, wajen ginin wani bene. Ranar zuba dakin muna hawa da kwanon sarki a ka, bisa katakan da aka harhaɗa da ƙusa, ƙafa cikin silifa, babu hular kwano, babu ɗamarar tsaro, babu ko igiyar dafawa. Katako ɗaya ya ɓalle a hawa na biyu. Aka kwashe shi cikin a-daidaita-sahu, ɗan kwangila ya ba da kuɗin allura, aka ci gaba da zuba kankare don kada kwaɓi ya bushe. Yau yaron yana jan ƙafa, ba ya iya ɗaukar ko bokitin ruwa. An tausaya wa kwaɓi, shi ba a tausaya masa ba.

Saboda haka nake jayayya da masu cewa wannan sabuwar fasaha ce za ta kawo ƙarshen rushewar gine-gine a Najeriya. Tsagar da ƙwayoyin nan ke iya toshewa ba ta kai faɗin milimita 1 ba. Benen mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya ci rayuka fiye da 40 galibinsu ma'aikata, ba irin wannan siririyar tsaga ce ta kayar da shi ba. Haka makarantar da ta faɗa wa ɗalibai a Jos cikin Yulin 2024, mutum 22 suka rasu. Cutar gininmu sananniya ce: a rage siminti a ƙara yashi, a sa siririn rodi inda zane ya ce mai kauri, a ƙara hawa bisa harsashin da ba don shi aka haƙa ba, a cire katakan tallafi tun kankare bai ƙosa ba, alhali kowane injiniya ya san sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Wace bakteriya ce ke maganin haɗama?

Za a ce mini ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma wanda ya ƙi ɗaure raƙuminsa ba tawakkali ya yi ba, sakaci ya yi. Za a ce kayan kariya tsada gare su. Mai kuɗin tada bene hawa biyar bai rasa na hular kwano ashirin ba, ya dai lura cewa lebura ya fi hula araha, domin in ɗaya ya faɗi, gobe da asuba goma na tsaye a bakin titi da shebur suna jiran mai ɗauka. Dokoki ma ba su muka rasa ba. Muna da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, muna da hukumar COREN mai sa ido kan aikin injiniya. Abin da muka rasa shi ne mai duba aiki wanda ba a rufe masa ido da ambulan.

Kakanninmu ba su san bakteriya ba, amma masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a ƙarni na 19 har yanzu bakan gizonsa na tsaye. Sirrinsu amana ce a ranar gini, da yaɓe kafin kowace damina. Su ma gininsu yana warkewa, da hannun mutanen da suka damu da shi.

Don haka ga abin da nake nema. Kada a ɗora bulo ɗaya a hawa na sama sai an kafa matsaya mai shinge, an raba hula da takalmi da ɗamara. A gwada samfurin kowane kankare da aka zuba, a ajiye sakamakon. A yi wa kowane lebura inshora, ko da na yini ɗaya aka ɗauke shi. Wanda gininsa ya kashe mutum saboda ha'inci ya gurfana gaban alƙali, kada a ƙare da ta'aziyya da buhun shinkafa.

In an yi wannan, a kawo mana kankaren Delft, ni zan fara tafi. Tun ran gini tun ran zane. Ƙashin bayan abokina kuwa babu ruwan saman da zai farkar da wata ƙwaya ta ɗinke shi.