Komawa Tsohuwar Windows: Lissafin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Yi Tukuna

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, lokacin da kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina kula da Windows 10, wata al'ada da ta daɗe a ofisoshi da shagunan ƙasar nan ta zama abin sake dubawa. Al'adar kuwa ita ce, idan aka sayo sabuwar na'ura mai ƙwaƙwalwa, sai a kai ta wurin mai gyara a ce ya sauke babbar manhajar da ta zo da ita, ya ɗora wadda aka saba da ita. Haka aka yi a shekarar 2007 da Windows Vista ta fito, jama'a suka yi ta komawa XP. An kuma maimaita bayan fitowar Windows 8 a shekarar 2012. A yanzu Windows 11 ake saukewa domin a koma Windows 10, wasu ma har Windows 7.

Babu shakka masu yin haka suna da hujja. Wani manhajar lissafin kuɗinsa ce ba ta tafiya a kan sabuwar Windows, wani injin buga rasit ne ya ƙi aiki, wani kuma ma'aikatansa ne ba su da lokacin koyon sabon tsari. Har ila yau Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, ta zo da sharuɗɗan da yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba, alhali irin waɗannan na'urori na gwanjo su ne akasarin ƙananan 'yan kasuwa ke iya saye a Computer Village da ke Ikeja da sauran kasuwanni. Tun bayan da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, har Dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a shekarar 2024, sauya na'urorin ofis gaba ɗaya ya zama babban aiki.

Sai dai akwai abin da da yawa ba su lura da shi ba. Wanda ya sayi kwamfuta ƙarfen ne ya zama mallakarsa. Ita manhajar da ke ciki izinin amfani da ita kawai aka sayar masa, bisa sharuɗɗan da ke rubuce a lasisi. Lasisin kuma iri-iri ne. Akwai wanda ke zuwa tare da na'ura daga masana'anta, shi a manne yake da wannan na'urar, ba a ɗauke shi zuwa wata. Akwai wanda ake saye daban, wanda mai shi ke iya mayarwa kan wata na'urar idan ya cire daga ta farko. Sannan akwai na sari, wanda manyan kamfanoni da ma'aikatu ke saye da yawa, kuma shi ne ya fi ba da damar komawa baya.

Dangane da lasisin da ke zuwa tare da na'ura, samfurin Pro ne kaɗai aka bai wa damar komawa tsohuwar Windows. Samfurin Home, wanda shi ke cikin yawancin na'urori masu sauƙin kuɗi, ba shi da wannan dama. Ko shi Pro ɗin, an gindaya masa sharaɗi: damar tana nan ne muddin kamfanin na kula da tsohuwar manhajar. To an daina kula da Windows 7 tun watan Janairu na 2020, ga Windows 10 ta bi sahu. Shi kuwa wanda ya sabunta na'urarsa daga Windows 10 zuwa 11, kwana 10 kawai yake da su na komawa ba tare da ya goge komai ba.

A nan ne ake yawan samun ruɗani. Mai gyara zai ɗora tsohuwar manhaja, na'ura ta tashi ta yi aiki, har ta nuna an kunna ta, sai mai ita ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali kunna manhaja daban ne, mallakar izininta daban. Sau da yawa da wata manhajar fashi ake kunnawar, ko da lambar da aka tsinto, irin wadda aka sayar wa wata makaranta ko ma'aikata a wata ƙasa. Dokar kare haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke da alhakin aiwatar da ita. Idan bincike ya zo, mai ofis za a tarar, ba mai gyara ba.

Matsala ta biyu ta ma fi ta lasisi nauyi. Manhajar da aka daina kula da ita ba ta ƙara samun facin tsaro, ma'ana duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano bayan wannan rana a buɗe za ta zauna. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe fiye da 150, ta tilasta wa asibitoci a Ingila soke ganin marasa lafiya, kuma na'urorin da ba a yi wa facin tsaro ba ta fi kamawa. Ɗan kasuwar da ke shiga asusun bankinsa da irin wannan na'ura, ko yake ajiye sunaye da lambobin abokan cinikinsa a cikinta, ya jefa dukiyarsa da amanar jama'a cikin haɗari. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanai nauyin tsare su, ta kuma tanadi tarar da ka iya kaiwa Naira miliyan 2 ga ƙananan kamfanoni da Naira miliyan 10 ga manya, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Wasu za su ce ai duk wannan dabara ce ta tilasta wa jama'a sayen sababbin kaya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kamfanin ya buɗe wa 'yan kasuwa hanyar ci gaba da samun facin tsaron Windows 10 har tsawon shekara 3, amma da kuɗi: Dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, Dala 122 a ta biyu, Dala 244 a ta uku. Jimla Dala 427 ke nan, wato ofis mai na'ura 10 zai biya Dala 4,270, kuɗin da zai sayi na'urori da dama masu ɗaukar Windows 11. An tsara farashin ne domin ya kori mutum daga tsohuwar manhaja. To amma tsadar hanyar da doka ta yarda da ita ba ta mayar da ta fashi ta zama mai riba ba. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Saboda haka abin da ya dace shi ne kowane mai kasuwanci ya yi ƙidayar na'urorinsa, ya rubuta irin manhajar da ke kan kowace da irin lasisinta, kamar yadda yake rubuta kayan da ke sito. Na'urar da tilas ta zauna kan tsohuwar Windows saboda wani inji, a tabbata lasisinta na asali ne, a raba ta da intanet, a kuma daina harkar banki da ita. Wadda aikinta rubuta wasiƙa ne da lissafi, ana iya ɗora mata Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, tare da LibreOffice, waɗanda kyauta ne kuma halal ne. Wanda kuma zai sayi sabuwa, ya nemi mai sayarwa ya rubuta a rasit ko Home ce ko Pro, da kuma cewa lasisin na asali ne.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da cibiyoyin ciniki na jihohi su ma suna da rawar takawa, ta hanyar wayar da kan mambobinsu da nemo musu dillalan da aka amince da su. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Ɗan abin da aka biya mai gyara ya koma da na'ura baya, somin-taɓi ne kawai, domin ragowar kuɗin sai ranar da aka kulle bayanai ko masu bincike suka ƙwanƙwasa ƙofa za a san adadinsa.